An Tura Mai Zanen Gini Garin Tantuna

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙafar Alhaji? Mu nan Arlit sai godiya.

Yaya, raina a ɓace yake kan ƙanenmu Sani. Tun yana saurayi yake zana wa jihar nan kasuwanni da asibitoci, har yau kuwa a gidan haya yake. To, wani ɗan kwangila ya soma ginin lakwal, wato makaranta, a Akokan nan kusa da mu da duwatsun da aka zubar daga ramin uraniyum, tunda na banza ne. Sani ya ce, "Yara su wuni cikin guba? Ba zan sa hannu ba." Mutumin ya ce, "Haba Injiniya, dutse ai dutse ne."

Nan da nan aka yi wa Sani "ƙarin girma", aka mai da shi Gugaram, can daji wajen makiyaya masu tantuna. Ko raƙuma zai zana wa bene, oho.

Ginin lakwal ɗin kuwa ya kusa rufi, kuma jikata Nana tana cikin masu shiga. Wallahi ba za ta taka ajin nan ba, ko da a zaure zan koyar da ita.

Ku sa mu a addu'a. A gaida Alhaji da mutanen Damagaram.

Ƙanenki,
Mamman