Hannun da Ya Riƙe a Jirgin Iskandariyya

Assalamu alaikum Anti Bilkisu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Abin da ke cina irin wanda in na faɗa wa mutane dariya za su yi mini ne, shi ya sa na kawo miki. Ki ɓoye sunana.

Ni 'yar Ƙofar Wambai ce a nan Bauchi, aure ne ya kai ni Ƙofar Dumi. Gidanmu gidan 'yan kasuwa ne, in muna hira har maƙwabta kan leƙo su ga ko faɗa ake yi. Maigidana kuwa Bafulatani ne, malamin sakandare. Kakansu ne ya bar ruga ya shigo gari, amma kunyar nan tasu tana nan daram. Mun haura shekara goma da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya, amma wallahi tun da aka kawo ni har zuwa tafiyar da zan ba ki labari ban ji sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce wa yara su kira uwarsu. Ba ma cin abinci tare. In za mu unguwa yana can gaba ina biye, sai ki rantse ba tafiyarmu ɗaya ba. Gida ɗaya muke da yayyensa, kowa da sashensa, kuma haka na ga suna yi da matansu, don haka ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Na saba. Da ma an bar ni a yadda nake!

Bara idonsa na hagu ya matsa masa, aka yi ta magani, daga baya likita ya ce sai an yi aiki, aka yanke shawarar zuwa Masar. Yayansa ne ya kamata ya raka shi, fasfonsa bai fito ba, ni kuwa ina da nawa tun da na raka mahaifiyata Umara. Haka tafiyar ta faɗo kaina.

A Alƙahira aka yi aikin, alhamdu lillahi lafiya lau. Aka rufe idon, aka ba shi baƙin gilashi, likita ya ce mu ɗan zauna a gari kafin ya sake duba shi. Zaman ɗaki ya ishe mu. Wata 'yar Gombe da muka haɗu a asibiti ta ce mini mu hau jirgin ƙasa mu je Iskandariyya mu ga teku, a je a dawo a yini ɗaya. Ni da wasa na gaya masa, don na san halin kayana. Ga mamakina sai ya tambayi likita, likita ya ce ba laifi in zai kiyaye ƙura da ruwa. Washegari da safe sai ga mu a tasha.

Anti, tun ina yarinya nake tsallake layin dogo a Bauchi, ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai ranar. Tashar cike take da mutane, sai ya kama hannuna. Na ce a raina cunkoso ne. Muka shiga, muka sami kujerunmu, jirgi ya tashi, mutumin nan bai saki hannuna ba. Na yi ta waige-waige ko wani yana kallonmu, alhali ba wanda ya san mu, ba wanda ya damu da mu.

Da muka fita gari sai gonaki kore shar, ruwa na bin tsakaninsu, ga wasu baƙaƙen shanu suna kwance a taɓo. Ai kuwa jinin Fulani ya motsa. Ya manna fuska a taga da idonsa ɗaya yana ta yi musu tsiya, wai saniya ba tozo ba ƙahon kirki, da kakarsa ta wajen uwa ta ga wannan sai ta ce a mayar wa mai ita. Ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Daga nan ya shiga ba ni labarin hutun da yake yi a rugar kakar tasa yana yaro, da wani maraƙi da ya raina da hannunsa aka sayar yana makaranta, ya yi kwanaki ba ya cin abinci. Duk zamanmu ban taɓa jin wannan labarin ba. Mai shayi ya zo wucewa, ya sayi kofi ɗaya, ya kurɓa ya miƙo mini. Sannan ya kira ni da sunana na yanka, a hankali, ya ce in dubi wasu fararen tsuntsaye. Ban ga tsuntsu ko ɗaya ba, hawaye ne ya cika mini ido.

Teku kuma ba a magana. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Gubi, sai ga ruwa har inda ido ya ƙare. Muka je wani tsohon gini na dutse a bakin ruwan, muna tsaye a sama iska ta fizge hularsa ta jefa a teku. Na ɗauka ransa zai ɓaci, don ko a tsakar gida ba ya zama ba hula. Dariya ya yi, ya ce ya yi wa kifayen Masar kyauta. Muka yi salla a wani babban masallaci, muka ci gasasshen kifi, yana cire ƙaya yana ajiye mini tsokar a gabana, shi da ke fama da ido. Ranar na ji ni ma matar wani ce.

A hanyar dawowa gajiya ta kama shi, ya yi barci a kafaɗata, kai ba hula, yatsunsa cikin nawa. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke zaune gabanmu ta yi murmushi, ta yi mini alama da hannu in ba ta wayata, ta ɗauke mu hoto. Shi kaɗai ne hoton da muke da shi mu biyu tun na biki.

Muna sauka Najeriya ya koma gidan jiya. Tun daga filin jirgi ya wuce gaba ina biye da jaka. Ban yi fushi ba, na san gida aka dawo. Amma Anti wanda ya ɗanɗana ba ɗaya yake da wanda bai taɓa ba. In na gama aiki sai in buɗe hoton in yi ta kallo. Ranar da likitan nan gida ya ce ido ya warke sarai, murna ta ɗebe ni na ɗora hoton a sitatus, na rubuta godiya ga Allah. Ƙawayena nake nufi su gani, na manta shaf ƙanwarsa Salma tana da lambata. Ita kuma ba da mugun nufi ba ta tura shi guruf ɗin danginsu. Kafin la'asar har an nuna wa Bappa, ƙanin mahaifinsu da ya riƙe su tun rasuwar uban. An ce Bappa bai yi faɗa ba, a ƙofar masallaci gaban mutane ya tambaye shi kawai ko a Masar ba a sayar da hula. Abokansa na majalisa kuma suka laƙaba masa Angon Masar, har yau ba su daina ba.

Ya shigo gida fuskarsa ba annuri, ya sa na goge hoton a gabansa, Salma ma ya sa ta goge. Ni kuma bakina bai iya shiru ba, na ce ai ba ni na jawo hannunsa ba, shi ya kama nawa. Sai ya ce wanda ba ya gani sosai ko sanda aka miƙa masa riƙewa zai yi, da yayansa ne ya raka shi hannun yayan zai riƙe. Innalillahi! Anti, da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Wata biyu ke nan ko fiye. Yana yin cefane, yana amsa gaisuwata, bai rage ni da komai ba, amma ko inda nake ba ya kallo. Ni kuma ramewa nake yi. In na tuna jirgin nan sai in ji kamar an yi mini sata. Ashe duk lalura ce? Ashe ranar da na fi so a rayuwata ni kaɗai na yi ta? In na kai ƙara gida na san abin da Innarmu za ta ce, bai dake ki ba, bai hana ki ci ba, me kike nema. Amma ni na kasa zama da mutumin da ya ce ni da sanda ɗaya muke. Na haɗa kayana a jaka na tura ƙarƙashin gado, kullum ina cewa gobe zan tafi, sai in dubi yara in fasa. Ki gaya mini gaskiya, in tafi ko in zauna? Kuma mutumin nan yana sona kuwa?

Taki cikin damuwa,
Mai Kuka a Ɓoye, Ƙofar Dumi, Bauchi

Wa alaikis salam ƙanwata. Share hawayenki, ba wanda zai yi miki dariya a nan. Macen da ke son mijinta ya nuna mata ƙauna ba ta nemi abin kunya ba, kuma cefane kaɗai ba ya riƙe zuciya.

Bari in fara da abin da ya fi ci miki rai. Ban yarda da maganar maigidanki ba, kuma ina zaton shi ma bai yarda da ita ba. Mai ciwon ido yana bukatar hannu a cunkoson tasha, wannan gaskiya ne. Amma wace bukata ce ta sa ya ci gaba da riƙewa bayan ya zauna? Ciwon ido ne ya sa shi cire miki ƙayar kifi, ko shi ya sa ya ba ki labarin da ya ɓoye tun yana yaro? Da yayansa ne ya raka shi, ai ba za su sha shayi a kofi ɗaya ba. Mutumin da kika gani a jirgin nan mijinki ne, ba aro kika yi ba. Ya sami wurin da ba idon Bappa ba na majalisa, sai ya saki jiki.

To amma ke ma ki saurara. Abin da ya ba ki a ranar a ɓoye ya ba ki, ke kuma kika kai shi kasuwa. Na san murna ce, ba ki yi don ki tozarta shi ba. Duk da haka ki sa kanki a matsayinsa. Mutumin da aka raina a kan cewa ko kusa da matarsa ba ya zama a gaban manya, sai ga shi a wayar kowa yana barci a kafaɗarta, har uban da ya riƙe shi ya yi masa magana a bainar jama'a. A gidanku wannan abin dariya ne na yini guda, a gidansu ciwo ne. Ya ji zafi, sai ya nemi maganar da ta fi kowace zafi ya jefe ki da ita. Bai kyauta ba ko kaɗan, kuma sai ya ba ki haƙuri a kanta. Ina kyautata zaton rashin kallonki da yake yi yanzu har da nauyin abin da bakinsa ya furta.

Shawarata, kada ki tafi. In kika yi yaji, dole manya su zauna, dole a tambayi dalili, hoton da aka goge ya sake dawowa bakin mutane, shi kuma ya ƙara ƙanƙamewa. Ki nemi lokacin da yara suke makaranta, ba kowa a sashenku. Ki ba shi haƙuri a kan ɗora hoton, a kan wannan kaɗai, kada ki nemi gafarar jin daɗin da kika yi. Ki yi masa alkawarin abin da ke tsakaninku ba zai sake fita waje ba. Sannan ki gaya masa a fili, ba da habaici ba, cewa maganarsa ta hana ki sukuni, kuma kina so ki ji daga bakinsa ko har zuciyarsa ya faɗe ta. In kin tambaya ki yi shiru ki jira. Na san 'yar gidan surutu ce ke, amma irinsu sai an ba su fili, wataƙila ma amsar ba a ranar za ta zo ba.

Kada ki nemi ya sauya a tsakar gida ko a kan titi, ba zai iya ba, kuma ba lalle ba ne. Ki nemi cikin ɗakinku, inda kunya ba ta da hurumi tsakanin miji da mata. Addininmu ma bai hana miji sakewa da iyalinsa ba, yabon hakan ya yi.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na san abin da zai ce ba. In ya maimaita maganar cikin sanyin rai, ba fushi ba komai, to a nan kina da hujjar kiran wani babba mai riƙe sirri ya shiga tsakani. Amma kada ki ɗauki 'ya'yanki ki bar gidanki a kan maganar da aka yi cikin zafin kunya, alhali ba ki taɓa tambayar mai ita ba. Wata biyu kina yi wa hoto kuka, mutumin da ke cikin hoton kuwa yana nan da rai, katanga ɗaya ce tsakaninku. Tashi ki je ki same shi.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya buɗe bakin maigidanki da alheri, ya raya muku zuri'a.

Anti Bilkisu