Kwamin Wankan da Auta Ya Saya wa Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yaran duka. Ya ciwon kan nan naki, ya sake ki kuwa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyin Baba da suka ƙi jin magani.

Kin tuna ɗan tiren nan da ake tsayawa a kai ƙarƙashin shawa a banɗakin Baba? To ya tsage, ruwa yana bi ta ƙasan tayil har bangon falo ya fara kumbura. Na kira Auta don ya turo mai gyara. Ƙanin naki kuwa, kin san shi da son burga, sai ga mota ta sauke mana kwamin wanka fari fat, wai likita ya ce jiƙa gwiwa a ruwan ɗumi zai yi wa Baba amfani. Na ce masa tsohon da sai ya dafa bango yake saka takalmi, shi ne zai tsallaka cikin wannan abu? Ya ce ni dai ƙauyanci ne ke damuna.

Mai famfo ya fasa tiren ya fitar. Ashe bututun da ke fitar da ruwa yana sama da daɓe, don haka sai da ya ɗora kwamin a kan bulo, in ba haka ba ruwan ba zai gangara ba. Yanzu bakinsa ya kusa kai mini cinya. Irin tayil ɗinmu shuɗi mai kaushi wai an daina yi, sai ya cike gurbin da wani fari mai santsi. Ƙofar ma ba ta buɗewa duka, rabi take yi ta doki kwamin.

Baba sai murna yake, yana shafa shi yana sa wa Auta albarka. Ni kuwa, Yaya, ko leƙa ɗakin na yi sai in riƙa hango shi yana zamewa a ciki.

A gaida mini kowa da kowa.

Ƙanwarki.

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga amsarki. Kin ce in daina kawo mugun tunani. Na yi ƙoƙari, wallahi, amma ba ke kike tsayawa a bakin ƙofar ba.

Shiga ba ta ba shi wuya sosai, fitowar ce. In ya shiga sai ya danna sakata kamar kullum, ni kuma in ɗauki tsintsiya in yi ta sharar wurin da ba ƙura. Ina jin ruwa ya tsiyaye, sannan in ji tafin hannunsa yana zamewa a jikin kwamin, ya yi nishi, ya huta, ya sake gwadawa. Idan ya fito sai ya yi mini dariya ya ce, Uwata, yau kam na zama saurayi. Shekaranjiya da yake naɗe hannun riga na ga gwiwar hannunsa ta yi baƙi ƙirin.

Na roƙe shi ya riƙa barin sakatar a buɗe. Kallon da ya yi mini sai da na ji kunyar kaina. Ya ce tun da Mama ta rasu ba wanda ya ga tsiraicinsa, kuma ba ’yar cikinsa ce za ta fara ba. Na ce to in sa masa kujera da bokiti a gefe. Ya ce yaron nan ya yi ɗawainiya don shi, ba zai watsa masa ƙasa a ido ba.

Na nemi mai famfo ya kafa ƙarfen dafawa, ya ƙwanƙwasa sabon tayil ɗin ya ce bayansa fanko ne, ba zai riƙe nauyin mutum ba sai an sake fasawa. Auta ya ce kada a taɓa komai sai ya zo. Kin dai san zuwan Auta.

Abin da na iya yi kawai, da Baba ya fita shan iska na sassauta kusoshin sakatar yadda in aka doki ƙofar za ta ɓalle. Don Allah kada ki gaya masa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.

*

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ki kwantar da hankalinki tun farko, Baba yana raye kuma bai karye ba.

Ranar Asabar da safe ya shiga wanka. Na ji ruwa ya tsiyaye, na ji nishin da na saba ji, sai kuma wani ƙara kamar an yar da buhu, daga nan tsit. Na kira shi, ya amsa da ƙaramar murya ya ce yana zuwa. Na jira. Shayin da na haɗa masa ya huce, na sake kira, ya ce in tafi abina. A kira na gaba haƙoransa kawai nake jin suna haɗuwa.

Na doki ƙofar da kafaɗa, sakatar ta ɓalle, na kutsa ta rabin nan. Yana kwance a ƙasan kwamin, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, jikinsa sanyi ƙalau. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Na jefa masa tawul na kau da kai iya yadda zan iya, amma ba a ciccibar mutum da ido a rufe. Bai fi yaro nauyi ba, Yaya. Ina ɗaga shi yana cewa bari, bari, ni ina kuka.

Tun ranar bai yarda mun haɗa ido ba. In na kawo abinci sai ya juya fuska bango har in ajiye in fita. Bai yi mini faɗa a kan sakatar ba, bai kuma ce a gyara ta ba, har na fara cewa ko ya haƙura da kwamin. Kwana da kwanaki ban ji ƙarar ruwa a ɗakin ba.

Ranar Juma’a da na dawo daga makarantar da nake aiki na shiga ɗaukar kayan wanki, sai na tarar da kwamin a jiƙe, sabulu da kumfa, ga sawun tafin hannu a jikin farin tayil ɗin nan. Ashe jira yake in fita aiki, gida ya zama ba kowa, sannan ya shiga.

Na ɓoye abin toshe kwamin, ya cusa tsumma. Na rufe famfon daga waje, ya bi bango ya je ya buɗe. Don girman Allah ki turo maigidanki ko babban ɗanki, namiji dai wanda Baba zai yarda ya kama masa hannu, ko ya zo da guduma ya fasa abin nan, Auta ya yi ta fushinsa. Hutun da na roƙa a makaranta daga baya don in tsare shi ya ƙare, kuma gobe Litinin.

Ƙanwarki mai jiran ku.