Ƙorafi Kan Dakatar da Shirin "Mu da Maƙwabta"

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwar Gidan Rediyo,
Babban Ofishi, Bene na Uku.

Ta hannun: Sakataren Hukuma.

Daga:
Mai gabatar da shirin barkwanci na ranar Asabar,
wanda masu sauraro suka sani da Ɗan Tsokana,
Sashen Shirye-shirye.

Litinin, 8 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAKATAR DA SHIRINA DA ZARGIN RASHIN KISHIN ƘASA DA AKA ƊORA MINI

Ina miƙa gaisuwar ƙaramin ma'aikaci ga shugabansa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, da fatan kuma za ta same ka ɗin. Ita ce ta uku. Ta ranar 27 ga Afrilu an ce mini ta shiga fayil, ta ranar 11 ga Mayu kuma an ce fayil ɗin ne ba a gani ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gabatar da "Mu da Maƙwabta" tare da abokin aikina da ake kira Kawu Tsallake. Ni nakan fito a matsayin ɗan ƙasar nan mai cika baki, shi kuma a matsayin ɗan ƙasar da ke tsallaken kogi, mu yi ta gardama kan wace ƙasa ce gaba. Babu abin da ban tsokane su a kai ba: 'yan ƙwallonsu, tsofaffin motocinsu, yadda suke jan magana kamar ana biyansu a kan kowane harafi. Su ma suna ramawa a rediyonsu. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kirana ofis ba sai sau ɗaya, ranar da gidan nan ya ba ni takardar yabo saboda "ɗaga darajar ƙasa". Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. A shirin Asabar 4 ga Afrilu mun taɓo maganar gadar da ƙasashen biyu suka yi yarjejeniyar ginawa shekara tara da suka wuce, kowa ya gina rabinsa. Kawu ya yi taƙama cewa su sun gama nasu rabin, har da fenti da fitilu. Na amsa masa cewa tamu ta fi tasu daraja, domin tasu sau ɗaya aka yi mata biki, tamu kuwa sau huɗu ana aza harsashinta. Na ƙara da cewa da gangan muka bar namu rabin, don kada su tsallako su ga ci gabanmu hawan jini ya kama su. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ranka ya daɗe. Injiniyan da ke bakin aiki sai da ya kifa kansa a kan tebur don dariya. Manajan Shirye-shirye da kansa ya leƙo ta gilashi ya ɗaga mini babban yatsa.

2. Ranar Litinin 6 ga Afrilu rediyon tsallake ya ɗauki wannan gutsuren ya yi ta maimaitawa. Ranar Laraba 8 ga wata, Manajan nan dai da ya ɗaga mini yatsa ya aiko mini da takardar tuhuma, cewa na "miƙa wa abokan hamayya makami". Aka dakatar da shirin nan take, aka karɓe katin shaidata a bakin ƙofa. Maigadin da muka yi shekara da shekaru muna shan shayi tare ya kasa kallon idona, sai cewa yake yi in yi haƙuri, umarni aka ba shi. Ina neman a fahimtar da ni: idan maganar laifi ce, me ya sa ba ta zama laifi ranar Asabar ba, sai da maƙwabta suka yi dariya?

3. Ranar Alhamis 16 ga Afrilu na bayyana gaban kwamitin ladabtarwa mai mutum biyar, a ɗakin taro. Na roƙi a saka faifan shirin kowa ya ji da kunnensa, domin biyu daga cikinsu sun amsa cewa labari kawai suka ji. Aka amince. Injiniya na danna maɓalli wuta ta ɗauke. Aka aika a tayar da janareta, aka dawo aka ce babu mai. Muka zauna minti arba'in, fanka a tsaye, kowa na fifita da takardar tuhumata. Daga nan shugaban kwamitin ya ce ba sai an ji ba, ai an san abin da ke ciki, ya kuma tambaye ni ko zan iya nuna masa abu ɗaya tak da maƙwabta suka fi mu. Wallahi silin kawai na kalla. Amma a rahoton zaman an rubuta cewa na yi "murmushin raini ga ƙasa". Ina musanta wannan. Idan ma fuskata ta motsa, gumi ne ya shiga mini ido.

4. Abin da aka yi wa Kawu ya fi nawa ciwo. Wani ɗan kwamiti ya ce harshensa ya yi kama da na mutanen tsallake fiye da kima, don haka ya kawo shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. Ranka ya daɗe, a layin da ke bayan gidan rediyon nan aka haifi Kawu. Mahaifinsa ne ya yi wa ginin nan wayar wuta. Ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba, tsoron ruwa yake yi. Kwaikwayo aikinsa ne, don shi aka ɗauke shi. Dattijo mai shekara sittin da biyu, da ciwon gwiwa, ya yi mako uku yana hawa da sauka a benayen ofisoshi da takardar haihuwarsa a cikin leda. Ranar da aka karɓa aka duba ta, aka ce hatimin bai fito sosai ba. Yanzu ko a gida ya daina muryar nan. Matarsa ta gaya wa tawa cewa idan jikokinsa suka roƙe shi ya yi musu, sai ya tashi ya shige ɗaki.

5. Ranar 21 ga Afrilu aka ba ni wata takarda, aka ce in sa hannu in kuma karanta ta a iska, a mayar da ni aiki washegari. A ciki an rubuta cewa na yi kuskure, kuma aikin gada "ya kai matakin ƙarshe". Na ƙi. An fassara wannan da taurin kai, saboda haka ya zama dole in faɗi abin da ban so faɗa a takardar ofis ba.

Yayata a tsallake take aure, shekara ashirin da shida. Bara da damina jikin mahaifiyarmu ya tsananta, ta yi ta kiran sunanta. Na yi wa Yaya waya, ta taso da sassafe. Ta iske kogi ya cika ya batse, masu kwale-kwale sun ce ko nawa za a ba su ba za su shiga ba. Ta hau gadar da ƙafa, ta bi rabinsu har inda ya ƙare a tsakiyar ruwa, ta tsaya tana hangen rufin unguwarmu. Daga nan ta kira ni tana cewa, "Ga ni nan ina ganin gida, ka ce mata ina hanya." Na gaya wa Inna haka. Kwana biyu Yaya ta yi a bakin kogi kafin ruwa ya sauka. Ta iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Wata takwas na yi ina riƙe da wannan a cikina kafin na iya mayar da shi abin dariya, domin ni ban iya wata hanyar faɗin magana ba. Ba zan iya zama gaban makirfo in ce gada ta kusa kammala ba, alhali Yaya tana sauraron shirin nan duk Asabar.

6. An cike gurbin shirina da wani sabo mai suna "Mu Ne Gaba", inda ake karanto jerin nasarori na rabin awa ba tare da an numfasa ba. Ba ni da ja a kan wannan, gidan rediyo na hukuma ne. Amma a fitowarsa ta biyu mai gabatarwa ya yi magana kan "waɗanda suka ci arzikin ƙasa suka koma suna yi mata dariya", kuma duk garin nan an san da wa yake. Tun daga ranar, matata ta daina zuwa kasuwar unguwa, domin mai kayan miyan da ta saba da shi ya tambaye ta a gaban mutane ko a kuɗin tsallake za ta biya. Takardar yabona da ke rataye a barandar gidan rediyon an cire ta, ƙusar ce kawai ta rage. Waɗanda suka fi zagina da rana su ne suke tare ni a lungu su ce in maimaita musu maganar harsashi huɗu.

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, da ya ba da umarni:

(a) Hukuma ta saurari faifan shirin 4 ga Afrilu da kanta. Minti bakwai ne. Zan zo da rediyo mai batir.

(b) A goge maganar "murmushin raini" daga fayil ɗina.

(c) A rubuta wa Kawu takardar ban haƙuri, a kuma daina tambayarsa asalinsa. Idan ɗaya kawai za a iya yi daga cikin roƙona, to a yi wannan.

(d) A dawo da shirin a ranarsa da lokacinsa, ba tare da sharaɗin in karanta abin da ni da mai rubutawa duk mun san ba haka yake ba.

A ƙarshe, akwai abin da ya kamata ka ji daga bakina kafin a kawo maka shi a karkace. Ranar 1 ga Yuni rediyon tsallake ya aiko mini da takarda. Sun ce in koma wurinsu, za su ba ni awa guda duk mako, in faɗi duk abin da na ga dama game da ƙasata, babu kwamiti. Na kwana biyu takardar tana aljihuna, ba zan ɓoye maka ba, domin zaman gida ya ishe ni. Sannan na amsa musu. Na ce na gode, amma ƙasata ce, a cikin gida nake tsokanarta, inda idan ta ji haushi za ta iya kama kunnena. Na kuma tuna musu cewa har yanzu mai tsaron ragarsu bai iya kama ƙwallo ba. Kwafin takardarsu da amsata suna manne da wannan.

Ban nuna wa kwamiti ba, don kada a ce da ma can muna magana da su. Kai nake nuna wa, ranka ya daɗe. Na rufe waccan ƙofa da hannuna, wannan kuma ku kuka rufe ta, ga ni tsaye a waje.

Ina jiran amsarka cikin girmamawa da biyayya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Ɗan Tsokana,
Mai gabatar da "Mu da Maƙwabta", wanda aka dakatar.

Kwafi zuwa ga: Manajan Shirye-shirye; Sakataren Ƙungiyar Ma'aikata.