Saura Karsana Ɗaya a Turkena

Zuwa ga Likita, Shugaban ofishin kula da lafiyar dabbobi na yankinmu,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da iyali da ma'aikatanka. Sunana Rifkatu, ni ke kula da 'yar gonar da mahaifina ya bar mana a hanyar Fadan Kagoma. Sau biyu ina shigowa Kafanchan don in gan ka, sau biyu ina tarar da fanka tana yi wa kujerarka fifita. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a, ko wani da ya san inda kake zai karanta maka.

1. Bara ma'aikatanka suka zo da farar mota da wani tulun ƙarfe mai fitar da hayaƙin sanyi. Suka ce a cikinsa akwai irin bijimin Turawa, za a sa wa shanunmu ta allura don mu samu madara mai yawa. Suka zaɓi karsana biyu da ba su taɓa haihuwa ba, Fari da Kyauta. Baba Ja'e, makiyayin da ke tsallaken rafi, wanda ya karɓi haihuwar kusan duk saniyar da mahaifina ya mallaka, ya dafa ƙugun Fari ya ce ya yi ƙanƙanta da ɗan babban bijimi. Ma'aikatanka suka yi dariya, aka ɗauki hoto, ni kuma na sa hannu. Har alƙalamin ma ni na miƙa musu, don nasu ya ƙi rubutu.

2. Sun bar mini takarda da Turanci. Ta ce idan haihuwa ta yi gardama kada a bar wanda bai samu horo ba ya sa hannu, a kira lambar da ke ƙasa. Ni kaɗai ce mai digiri a gidan, don haka ni aka ba ajiyar takardar, ni kuma na fi kowa yarda da ita.

3. Ranar Alhamis ɗin makon jiya, da bakwai na safe, Fari ta fara naƙuda. Zuwa tara faya ta fashe, kofato ɗaya ya leƙo, daga nan ba abin da ya ƙara fitowa. Na kira lambar. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A kira na shida wata mata ta ce likita yana taron bita, amma za ta sanar. Na tambaye ta bitar me ake yi, ta ce ta inganta kiwo.

Kawuna Yohanna ya kawo shawarar a ɗaure kofaton da igiya a ja da babur, wai ya ga an yi haka a Kwoi. Na hana, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da karatuna ya yi a ranar. Baba Ja'e ya iso da sabulu da kwalbar man gyaɗa, ya naɗe hannun riga. Na tare shi a ƙofar garke, na fassara masa takardarka kalma kalma. Bai yi musu ba. Ya zauna a kan dutse ya ce, “'Yata, takardar za ta jira. Saniyar ce ba za ta jira ba.”

Awa huɗu yana zaune yana kallon saniyar, ni ina kallon hanya. Fari tana kwanciya tana tashi, tana nishi, har ta daina tashin. Harshenta ya fito, idanunta suka juye. Duk ƙarar babur da na ji sai in ce kai ne.

4. Da ɗaya ta wuce na ninke takardar na ba shi hanya. Ya wanke hannu har kafaɗa, ya shafa mai, ya tura maraƙin ciki, ya lalubo ƙafar da ta lanƙwashe ya miƙe ta. Ya ɗaura wa ƙafafun igiya, ya sa mu ja a hankali, sai lokacin da saniyar ta yi yunƙuri, mu saki idan ta saki. Maraƙin ya fito da rai, ƙato, baƙi da fari, kamar bijimin da ma'aikatanka suka nuna mana a hoto. Fari ba ta sake miƙewa ba. Ran Asabar muka kira mahauci. Shanuna tara ne kafin Alhamis, tara ne yau, don haka a rahotonka babu asara. Ana iya rubuta cewa shirin ya yi nasara. Nasarar tana shan madara a kwalba sau huɗu a rana.

Ba na ɗora maka awa huɗun nan duka. Ni na tare ƙofar. Amma takardar da na tare ta da ita, tambarin ofishinka ne a kanta.

5. Ga dalilin wasiƙar. Kyauta ba ta ɗauka a karon farko ba, sai da aka maimaita mata bayan mako uku. Hantsarta ta fara cika. Baba Ja'e ya duba ta jiya, ya ce ƙugunta bai kai na Fari ba, kuma wannan ta fi ƙarfin hannu, sai mai iya yanka ciki ya ɗinke. Shi ya san iyakarsa, ya kuma faɗa.

Don haka ina roƙon abu uku. A turo wanda ya iya tiyata ya duba Kyauta cikin makon nan, ya zo da kayan aikinsa, ba da mai ɗaukar hoto ba. A ba ni lambar mutum mai suna, wanda zai ɗauka. Sannan a bi gidajen da farar motar ta shiga bara, don ba ni kaɗai na sa hannu ba, a janye takardar nan kafin wata mai biyayya irina ta karanta ta a ƙofar garke.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya dawo da kai daga bita lafiya, ya sa ka tarar da abin da za ka inganta.

Kyauta ta ƙi cin dusa yau da safe. Na sa wayata a caji.

Wassalam.

Rifkatu,
hanyar Fadan Kagoma.