Kawu, Ban Zo Gwaram Ba

Zuwa ga Kawu Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Ni ce Rabi, 'yar ƙanwarka. Damina biyu ke nan da rasuwarka, sai yau na iya zama in rubuta abin da na kasa faɗa maka kana raye.

Kai ne mutum na farko da na ji kalmar zari-ruga a bakinsa. Duk hutun da muka zo Farin Dutse, sai ka dawo daga gona ka zauna a zaure kana ba mu labarin zamanin da kake makarantar kwana a Birnin Kudu, da wani malaminku Bature da ya zo da ƙwallo mai siffar gwanda. Ka ce irin wasan garinsu ya koya muku, na mutum goma sha uku, wanda ma'aikatan arewacin Ingila suke yi. Sauran yara su watse, ni in zauna. Har yau ina jin muryarka kana cewa, "Wasan nan, Rabi, gaba ake nufa, amma baya ake miƙa ƙwallo."

Da na gama digiri na biyu a fannin tarihi, na ga sanarwar wata gidauniya a ƙasar waje da ke ɗaukar nauyin masu binciken tarihin wannan wasa. Washegari na hau mota na zo wurinka. Ban ma gama bayani ba ka shiga ɗaki ka fito da tsohon hoton 'yan wasanku da littafin da ka rubuta dokokin wasan da Hausa tun kana ɗalibi. Ka naɗe su a ɗankwalin matarka, Inna Tabawa, ka miƙo min. Ba ka ce in dawo da su ba.

Kawu, ga laifina na farko. A takardar neman tallafin na rubuta cewa ni na gano waɗannan kaya a yawon bincikena. Ban sa sunanka ba. Na ga kamar in na ce kawuna ne ya ba ni, aikin zai yi arha a idonsu. Da suka tambaye ni ko akwai masu rai da suka buga wasan, nan ne na tuna da kai, na ce akwai, kuma zan naɗi muryoyinsu kafin in taso.

Suka ba ni tallafin, suka ce in je can in yi binciken. Da na buga maka waya na faɗa maka, sai da ka sa aka kira maƙwabta su ji.

Mun yi da kai zan zo ranar kasuwar Gwaram, tunda ranar ake samun mota daga ƙauyuka. Ka ce za ka tara min abokan wasanka biyu da suka rage, Alhaji Mato na Kiyako da Malam Garba na Surko. Ranar ta zo ina Kano ina fama da takardun tafiya. Gaskiya ne akwai aiki, amma ba aikin da zai hana ni tafiyar yini ɗaya ba ne. Ka kira ni sau uku. Na ɗaga na ukun, na ce a ɗage zuwa wani mako, na katse tun kana cewa babu komai.

Makon bai zo ba. Na hau jirgi ina ce wa kaina ai zan dawo hutu, tsofaffin kuma suna nan inda na bar su.

Ina ɗakin karatu a can, an baza min tsofaffin jaridu a gaba, Inna mahaifiyata ta kira ta ce Allah Ya yi maka rasuwa bayan zazzaɓin kwana huɗu. Na fito waje na tsaya cikin yayyafi, babu wanda zan yi wa Hausa. Ba a yi wata uku ba aka ce Malam Garba ma ya bi ka.

Malamar da ke duba aikina ta ɗauki hoton nan ta tambaye ni sunayen mutanen ciki. Fuska goma sha uku, Kawu. Taka kaɗai na sani, kai ne na biyu daga hagu, ka riƙe ƙugu kana hararar mai ɗaukar hoton. Shekara nawa ina zaune a gabanka, ban taɓa cewa wane ne wannan ba.

Da na dawo gida bara, na fara zuwa yi wa Inna Tabawa gaisuwa. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce ranar nan tun da hantsi ka sa farar rigarka ta Juma'a, ta dafa muku dambu, kuka zauna ku uku a rumfar wani tela a Gwaram har la'asar ta yi sanyi. Ta ce kun yi ta gardama a kan wanda zai fara magana idan na kunna na'ura.

Daga nan na wuce Kiyako wurin Alhaji Mato. Idonsa ya tafi, hoton da na kai masa sai shafawa ya yi. Na riƙa kwatanta masa mutanen ɗaya bayan ɗaya, wannan dogo ne, wannan yana da tsage a kumatu, shi kuma yana laluben sunayen a ransa. Mun samu tara har da kai. Huɗu ya ce kai kaɗai za ka iya. Da zan tafi na nemi gafararsa, ya ce ai kai ka riga ka wanke ni tun a rumfar tela, ka ce musu, "Ku yi wa Rabi uzuri, aikinmu take yi."

Wannan maganar ta fi komai yi min nauyi, don a ranar ba aikinku nake yi ba. Nawa nake yi.

Na rubuta wa gidauniyar na faɗa musu gaskiyar inda hoton da littafin suka fito, na ce in za su janye tallafin su janye. Ba su janye ba, sun dai ce in gyara, na kuwa gyara. Sunanka ne yanzu a shafin farko. Na san wannan ba zai dawo min da yinin nan na Gwaram ba.

Na fitar da wasiƙar nan a buɗe tare da hoton don kowa ya gani, ko Allah zai sa wani a Birnin Kudu ko Gwaram ya ga fuskar mahaifinsa a cikin huɗun da suka rage.

Ka yafe min, Kawuna. Allah Ya jiƙanka da kai da Malam Garba, Ya haskaka kabarinku, Ya ba Inna Tabawa haƙuri, Ya ƙara wa Alhaji Mato lafiya. Ranar Asabar zan koma Kiyako, ya ce akwai waƙar da kuke yi kafin ku shiga fili, ya tuno rabinta.

Taka har kullum,
Rabi