Tablet ɗina ya nuna ruwan ɗorawa, anko ya zo ruwan goro

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan Sokode da yawa a nan, har da dangin mijina ma. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Juma'a, in ta wuce shawarar ba ta da sauran amfani a wurina.

Ni matar aure ce a unguwar Kpangalam, shekarata tara a ɗakina, 'ya'yana uku. Dangin mijina duk suna Dapaong, mu biyu ne kawai matan gidan da ke zaune a Sokode, ni da faccalata, wato matar ƙanin mijina, bari in kira ta Sa'ade. 'Yar ƙabilar Kotokoli ce daga garin Kparatao, a gidan aure ta ƙarasa koyon Hausa, kuma tun farko surukarmu Inna ba ta so auren ba. Ni kuwa 'yar gaban goshi ce, ba zan yi ƙarya ba, ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Bara na sayi wani tablet mai araha, irin wanda ko sunan kamfaninsa ba ka taɓa ji ba. Maigida ya kalle shi ya ce araha ba ta ado, ni kuma ba na son a kushe abin da na zaɓa, na ce masa ya zuba ido. Kuma tsakani da Allah abin ya yi mini rana. Fuskarsa babba ce, ƙararsa na cika tsakar gida in na saka karatu da safe, yara sun sakar mini waya sun koma kansa, cajinsa kuwa sai ka tashi daga Sokode ka sauka Dapaong kana kallo bai mutu ba. Illarsa dai nauyi, ka taɓa abu sai ka yi salati uku kafin ya buɗe, a rana ba ka ganin komai, sannan babbar illar, launi. Tun ƙaramar Sallah na lura, na ɗauki 'yata cikin jar riga, a tablet sai ta fito kamar an yi shekara ana wanke ta. Na gani na ja bakina, saboda na riga na cika baki a gaban maigida.

To ana nan aka sa bikin autar Inna. Dangin ango suka riga mu fitar da ankonsu ruwan goro, Inna ta ce kowane launi za mu ɗauka amma ban da shi, kada a ce dangin amarya sun rasa ta yi sun kwaikwayi na ango. Ni da kaina na ce a bar mini aikin. Na shiga babbar kasuwa shagon wata mai atamfa, na ɗauki hotuna sun fi talatin a gurguje, kowace da lambarta, na hau mota zuwa Dapaong. Ranar na sha yabo, mata sun kewaye ni ana miƙa tablet hannu zuwa hannu, Inna da idonta ya yi rauni tana cewa yau ta ga zane ba tare da ta matse ido ba. Ta zaɓi lamba sha huɗu, ruwan ɗorawa mai sanyi. Ni ban ma tuna yadda sha huɗun take a ido ba.

A nan na kira Sa'ade na ce ta je ta ɗauko turmi arba'in na sha huɗu ta sa a mota. Tana shagon ta sake kirana, na fita waje na ɗaga. Ta ce, "Yaya, wannan atamfa fa shi ruwan goro ne, ki duba da kyau." Wallahi na ji ta sarai. Amma kaina ya riga ya kumbura, na ce mata Inna ce ta zaɓa da idonta, ta saya kawai kada ta kawo mana iyayi, na kashe.

Na dawo gida da kwana biyu kaya suka isa Dapaong. Wadda ta karɓa a tasha ba ta cikin masu zaɓe, ta raba wa mata, wasu har sun kai wa tela an sa almakashi kafin turmin Inna ya shiga hannunta. Ruwan goro ne jawur, kamar daga dila ɗaya aka ciro shi da na dangin ango. Inna ta kira mu duka a waya, ta sa a buɗe murya, ta wanke Sa'ade tas, wai mai shagon 'yar yarensu ce shi ya sa suka haɗa baki aka juye mata kwantai, wai dama ta san ba ƙaunarta take yi ba. Sa'ade tana kuka ta ce ta tambaye ni. Inna ta ce haka ne? Jama'a, a nan na yi abin da ke cin raina. Na ce rezo, wato layin waya, ba kyau ranar, ban ji me ta ce ba.

Daga baya na tura hoton sha huɗun nan wayar maƙwabciyata don in tabbatar. A wayarta ruwan goro, a tablet ɗina ruwan ɗorawa, hoto ɗaya. Sai da na nemi wuri na zauna.

Yanzu ga inda muke. Kawun mazajenmu ya ce ranar Juma'a bayan masallaci kowa ya hallara a Dapaong, Inna kuma ta ce in taho da tablet, a buɗe sha huɗu a ajiye kusa da atamfar, kowa ya gani da idonsa. Kun ga ke nan ko ban buɗe baki ba abin zai ba da shaidar zur a madadina, mutum ashirin sun ga ruwan ɗorawa, za su sake ganinsa. Mijin Sa'ade kuma ya rantse in ta tabbata ta canja kaya, daga nan Kparatao za ta wuce sai ya neme ta. Yarinyar nan cikinta wata shida.

In na faɗi gaskiya, ba kuskuren launi ne zai kashe ni ba, ƙaryar da na yi a gaban Inna ce. Mijina mutum ne da ke yafe asara amma ba ya yafe ƙarya, kuma Inna in ta sauke mutum daga zuciyarta ta sauke ke nan. Na yi tunanin in tona illar tablet ɗin kawai, in ce yanzu na gano, Sa'ade ta kuɓuta ni ma in kuɓuta, zancen waya kuma in tsaya a kan ban ji ba. Amma hakan ai ya bar ta a matsayin wadda ta ga ruwan goro ta saya ba ta tabbatar ba, Inna za ta riƙe wannan har abada. Har zuciya ta raya mini in saki abin ya faɗi a siminti in huta, Allah ya yafe mini.

Yau da hantsi Sa'ade ta zo gidana, na ɗauka rigima ta kawo, har na gyara tsayuwa. Ashe doya ta kawo mini daga gonarsu. Ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce, "Yaya, ni ban iya magana a gaban manya, Hausana yana gudu. Ranar Juma'a ki zauna kusa da ni, in na rasa magana ki faɗa mini." Ta tafi ba ta ko ambaci wayar ba.

Don Allah ku gaya mini, in faɗi rabi in tsira da mutuncina, ko in faɗi duka a gaban Inna da mijina in ɗauki abin da zai biyo baya? In duka ne, in fara sanar da maigida a gida, ko in bari sai an taru? Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Doyar tana nan inda ta ajiye ta, na kasa ɗauka.