Ina Kuka Kai Jinin Mutanen Ƙauyenmu?

Zuwa ga jami'in da hatiminsa ke kan takardar da aka kawo wa Dagacinmu, ko wanda ya gaji kujerarsa.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Shekara tara ke nan ina ɗauke da wannan magana a cikina. Sunana Idi, wanzami ɗan wanzami, a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Ban yi boko ba. Wani tsohon malamin firamare ne yake rubuta mini, na kuma hana shi tausasa ko kalma ɗaya.

Na ɗaya. Bayan yankan gero na waccan shekara, wasu mutane suka zo da farar mota da takardarka. Suka ce ciwon hanta suke bincike, za su ɗebi jini, su ba kowa ƙwaya kyauta, sakamako ya dawo kafin azumi. Ba wanda ya fito. Sai Dagaci ya aiko mini, ya ce tunda ni ke taɓa jinin garin nan, in na miƙa hannu kowa zai miƙa. Na miƙa. Na bi gida-gida ina cewa ni na tsaya musu. Saboda bakina magidanta suka bari aka shiga har wurin matansu.

Na biyu. A sana'armu, in na yi wa mutum ƙaho, sai na nuna masa jinin da ya fita, in gaya masa abin da na gani, sannan in haƙa rami in binne a gaban idonsa. Haka mahaifina ya koya mini, jinin mutum ba ya kwana a hannun wani. Su kuwa sai suka zuba namu a 'yan kwalabe, suka liƙa lamba, suka ba kowa kati, suka ja mota. Azumi tara muka yi, ko ƙurarsu ba mu sake gani ba.

Na uku. Matar maƙwabcina Malam Habu ta rasu kafin faɗuwar damina. Ban ce ƙwayar ce ba, ajali na Allah ne. Amma da ya tambaye ni me aka gani a jininta, na ce ban sani ba. Daga nan aka fara cewa na sayar da jinin gari ga kamfanonin magani. Askin suna ya koma hannun wani wanzami da ake ɗaukowa daga wajen Gagarawa. Yaran da ni na yi wa iyayensu kaciya, yau a babur ake wuce ƙofata da su. Zabirata na rataye a ƙusa.

Na huɗu. Watan jiya na ɗauki katina na tafi Gumel, na shiga wani ofis. Ma'aikacin ya jujjuya shi, ya ce aikin ba nasu ba ne, wani kamfani ne ya ɗauki nauyi, ko takarda ɗaya ba a bar musu ba. Na ce masa, to hatimin da ke kan takardar Dagaci fa? Na ɗaga murya, ban musa ba. Ranar kasuwar Maigatari ma na maimaita a rumfar mai shayi.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na nemi mai rubutu. Kwana uku da wannan, mutum biyu suka same ni a zaure, babur ɗaya, ba kaki. Ba su faɗi daga inda suke ba. Sun san sunan mahaifiyata da ta daɗe a ƙasa. Sun san 'yata tana aure a Damagaram. Abin da na faɗa a rumfar shayi suka maimaita mini tiryan-tiryan, suka ce dattijo ya daina tayar wa jama'a hankali. Na ba su ruwa suka sha. Shekara tara ina zaton ba ku jin mu ne saboda nisa. Ashe kuna ji. Maganar bakina ta isa gare ku cikin kwana uku, sakamakon jininmu kuma ya kasa isowa.

Yanzu in masu allurar rigakafi suka shigo, sai ka ji ana rufe ƙofofi, a koma a ce mana jahilai. Jikata na da ciki, an ba ta maganin ƙarin jini ta ƙi sha. Na ce ta sha, ta ture shi gefe. Ni ne fa na ce a miƙa hannu wancan karon.

Ranka ya daɗe, ga buƙatuna. A gaya mana sunan kamfanin, da irin ƙwayar da muka haɗiya. A kawo wa kowa sakamakonsa, har na waɗanda suka rasu, a ba magadansu. In an zubar da jinin, a faɗi inda aka zubar. Kuma kada a aiko mini takarda, ba iya karantawa zan yi ba, gari ma ba zai yarda da abin da ya biyo ta hannuna ba. A turo mutum mai suna da muƙami, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya faɗa da bakinsa cewa Idi bai sayar da kowa ba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare iyalinka daga shan abin da ba su san asalinsa ba. Ni ba zan yi shiru ba, ko mutanen babur sun dawo. Hanyar gidana dai an riga an sani. Wani ya zo ya amsa mini.

Wassalam.
Idi Wanzami